Ƙwallon Ƙarfe a Cikin Tsaraba

Ku matso, ku ba ni kunnenku, zan faɗa muku abin da hannuna ya raba a Nima. Ban yi boko ba, ba zan iya ce muku shekara kaza ba, amma lokacin ne ake layin sabulu da sukari.

Ɗana na fari soja ne. Aka kai su ƙasar Labanan tsaron zaman lafiya. Da suka dawo aka riƙe shi a bariki, sai abokinsa ya kawo mini akwatinsa, ya gaishe ni, ya wuce arewa wurin iyayensa.

A gidanmu na haya, akwatin matafiyi ba nasa ba ne shi kaɗai. Uwarsa ce take buɗewa, ta bi ƙofa ƙofa da tsaraba. Na buɗe. Sabulu, bargo, kifin gwangwani, turare. Can ƙasa, cikin safa, ga wani ƙwallon ƙarfe kamar lemu, mai nauyi. Na juya shi a tafina, har na ƙwanƙwasa shi da cokali in ji ko da wani abu a ciki. Sabulu ya ƙare kafin in kai ga maƙwabciyata mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Kasuwar Malam Atta, sai na miƙa mata shi.

Ta ce, "Yaya, kowa sabulu, ni ƙarfe? To, ba komai, zai danne mini ganye."

Kwana huɗu sai ga ɗana da hantsi. Dattawan gida suka zauna da shi a tsakar gida, suna tambayarsa yaƙi. Ya ce yaƙin da ya gani ba na bindiga ba ne. Akwai bam da ake sakowa daga jirgi, ya buɗe a sama, ya zubar da 'ya'yansa a gonaki. Wasu su fashe, wasu su kwanta suna jira. Manomi ya taka, mace ta ɗauka, yara su yi ƙwallo da su. Ya ce da ana jin maganarsa, da an hana ƙera su a duniya.

Mai gidan hayarmu, tsohon soja ne, ya ce, "Yaro, makami makami ne. In ka ajiye naka, maƙiyinka zai ajiye nasa?"

Ɗana ya ce, "Baba, harsashi yana sanin an gama yaƙi. Wannan bai sani ba. Ga shi ɗan ƙarami, kamar lemu."

Ina riƙe da ludayi. Na ajiye shi. Na ce, "Mai nauyi? Wanda ke cikin safa?"

Ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu haka ba, mai ita yana zaune.

"Mma, yana ina?"

Ba mu jira trotro, motar haya, ba. Muka tafi da ƙafa, yana gaba, ina binsa da takalmi ɗaya. Duk hanya kunnena yana kan kasuwa, ina jiran ƙara. Mota ta rufe ƙofa, na durƙusa.

Muka sami maƙwabciyata da layin masu saye a gabanta. Ga ƙwallon a kan ganyen da take naɗa abinci, taki ɗaya daga murhu. Duk wanda ya saya sai ta ɗaga shi, ta zari ganye, ta mayar.

Ta ce, "Soja, ka dawo? Ko ka zo karɓe tsarabarka?" Ta kai hannu.

Ya ce a hankali, "Inna, bar shi. Ɗauke hannunki. Zo ki gaishe ni a nan."

"Shinkafata tana wuta."

"Bar ta ta ƙone, Inna."

Muryarsa ce ta sa ta taso. Ya bi rumfa rumfa yana raɗa wa mata su ja baya, don in ya ɗaga murya za a yi turereniya a ture teburin. Ni kuma ya ce in tsaya a bakin layi in hana kowa shiga. Na buɗe hannuwana na tsaya, ina kallon iska tana kaɗa ganyen da ke ƙarƙashinsa, ina karanta duk surar da na sani. Sai bayan azahar masu aikin bam suka zo da buhunan yashi. Suka tafi da shi wajen gari. Aka ce mana da rai yake.

Abokin ɗana ne ya tsince shi a gona, ya ɗauka matacce ne, ya sa a akwatin don ya nuna wa mahaifinsa, ya manta. An hukunta shi, ya bar soja, ya koma noma. Maƙwabciyata ta yi wata ba ta yi mini magana ba, daga baya muka shirya, ta ci gaba da waakye har ta je Makka. Mai gidan haya ya rasu bai canza ra'ayinsa ba. Ɗana ya yi ritaya, yana gadi a Alajo. Ni kuwa kun gan ni, har yau in aka yar da tukunya a tsakar gida sai na zauna tukun.