Takardar da Yatsu Goma Ta Buga da Kiɗa

Shekara talatin da uku ta yi tana buga tafireta a ofishin rajista na wata kwaleji, har sunanta ya ɓace, kowa sai Yatsu Goma. Ba ta kallon haruffa, ba ta kuskure, kuma ba ta ɗaukar raini. Da kwamfuta ta zo, aka tura teburinta bayan ƙofa, kusa da butar shayi. Ta roƙi a koya mata, aka ce sai an samu lokaci. Shekara shida kenan ba a samu lokacin ba.

Ranar Litinin sabon shugaban ofis ya ajiye mata takarda.

"Baba, ki sa hannu kafin Juma'a. Kin nemi ritaya da kanki, ki je ki huta."

"Ni na nema, Yallaɓai?"

"Haka dai ake rubutawa."

Shekara biyu suka rage mata. Abin ya ci mata rai ƙwarai, musamman da ta ga kuskure uku a layin farko.

A ranar ce 'yar ƙaninta, wadda ke karatu a kwalejin, ta leƙo. Ita da abokanta sun haɗa ƙungiyar kiɗa, amma fa ko ganga ɗaya babu. Bokitin fenti ne, da cokula, da kwalabe masu ruwa rabi-rabi, da tarin makullai, da wani dogo mai goga tsintsiya a jikin kwano yana lumshe ido sai ka ce abin kirki yake yi. Ranar Alhamis za su yi wasa a babban zaure.

"Gwaggo, ƙarar tafiretarki muke so. Ki zo ki yi ta dannawa kawai."

"Wato ni ma na zama bokiti?"

Amma ta je gwaji, rungume da injin. Suka ce ba sai ta sa takarda ba, ta buga duk abin da ya zo hannu. Ta gwada, yatsun suka ƙi. Matar da ba ta taɓa buga shirme ba, yau a ce ta fara da tsufa? Ƙarar ta fito a cakuɗe, mai kwalabe ya rasa inda zai shiga.

"Ku ba ni takarda," in ji ta.

Ta buga musu tsohuwar sanarwar hutu da ta haddace. Nan take abin ya zauna, taf-taf-taf, ƙararrawa ta ce ƙil a ƙarshen layi, ta ja hannun injin ya koma. Cokula suka bi ta, bokiti ya ɗauka. Dogon nan har ya buɗe ido.

"Gwaggo, me za ki buga ranar wasan?"

"Ke dai ki riƙe cokulanki."

Ranar Alhamis da yamma zaure ya cika. Shugaban ofis na kujerar gaba, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Yatsu Goma ta jera farar takarda biyu da takardar kabon mai fitar da kwafi a tsakani, ta murɗa su ciki, ta gyara tabarau. Ta fara a hankali da kwanan wata da adireshi, makullai na kaɗawa a bayanta. Da ta kai tsakiya sai ta saki hannu, bokiti na binta da ƙyar, ɗalibai suka miƙe tsaye. Shugaban kansa yana buga ƙafa daidai da kowace kalma. Ta danna aya ta ƙarshe, kowa ya tsaya cak.

Ana cikin tafi ta zare takardun, ta sa hannu, ta sauko ta miƙa masa ta saman. Ya karɓa da murmushi, a zatonsa cikin wasan ne. Ya karanta: ba ta nemi ritaya ba, ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta faɗa ba, shekara biyunta za ta cika su cif, kuma tana nan tana jiran a koya mata kwamfuta.

Murmushin ya tafi. Ya ce, "Baba, ai da kin same ni a ofis."

"Shekara shida ina ofis, Yallaɓai, ba wanda ya ji ni. Yau kuwa har tafi ka yi." Ta ninke kwafinta ta sa a jaka. "Ka duba da kyau, babu kuskure ko ɗaya."