Errol Sangster: Ba Hannunka Ne Ya Lalata Bindigar Baba Ba

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi, ina kan tsani ina rage wa itatuwan tuffa rassa, yatsuna sun ƙage don sanyi, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Yayata Noeline ce. Ta ce in sauko ƙasa tukuna. Na ce na sauko, alhali ina mataki na biyar. Ta ce, "Errol ya cika." A can sama na ji, a can kuma na zauna riƙe da almakashi har rana ta ɗaga.

Errol, mijin yayata, ka rasu a gidanka na Roxburgh kana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar huhu ta wata bakwai. Ranar Asabar muka kai ka makwancinka. An ce in yi magana a coci, na ƙi, na ce muryata ba za ta fita ba. Ba murya ba ce. Akwai ƙaryar da na yi maka a gaban mutane shekara uku da suka wuce, ban janye ta ba har ka koma ga Mahaliccinka, kuma na kasa tsayawa a kan akwatinka in yabe ka da bakin da ya ɓata ka. Shi ya sa na roƙi shafi a wannan 'yar jaridar ƙungiyarmu ta maharba, don nan ne waɗanda suka ji ƙaryar za su karanta.

Amma bari in fara da alherinka, shi ya fi yawa.

Duk kwarin nan, daga Ettrick har bakin dam, Likita ake kiranka. Shekara arba'in duk mai lambun da zomaye suka dame shi da ɓare ɓawon ƙananan itatuwa, duk wanda ɓeraye suka mamaye masa rumbun 'ya'yan itace, ƙofar shagonka na bayan gida yake nufa da bindigar iskarsa a hammata. Ka kan ce ba komai a cikinta sai abu uku: sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe; fistan ɗin da yake ingizawa; da 'yar fatar da ke tura iska. Abu uku kacal, amma kowanne da halinsa. Ba ka taɓa kwance bindiga kafin ka saurare ta ba. Sai ka ɗana, ka kwantar da kunci a ƙotarta, ka rufe ido, ka harba cikin buhun yashi. In ta yi tsuwa kamar tsinkakkiyar wayar shinge, sai ka girgiza kai ka ce sifirin yana yawo a ciki. Daga nan ka goge kowane kaifi da magagari, ka fiƙe wa sifirin sandar da zai zauna a kanta daram, ka shafa giris ɗin da bai kai ƙwayar wake ba. In ta bar hannunka, ƙararta ɗaya ce, gajeriya, sannan shiru. A jikin kunamarta kuma akwai kati a ɗaure da zare: harbi biyar a yadi ashirin da biyar, kwanan wata, da sunanka. Ɗan kwabon senti goma yana rufe hujin duka biyar.

Na tuna Ivy Lowe, gwauruwar nan mai lambun latas, da sanyin ƙashi ya karkatar mata da yatsu har ta kasa lanƙwasa bindigar mijinta a gaɓa ta ɗana. 'Ya'yanta suka ce ta haƙura da lambun ta koma Dunedin wurinsu. Ka karɓi bindigar, ka yanke zagaye uku daga sifirin, ka gwada, ka ƙara yanke ɗaya, har ta zama Ivy na iya ɗana ta tana zaune a kujera. Ka ce mata zomon da ke yadi goma sha biyar ba ya bukatar fiye da haka. Ta ƙara shekara tara a lambunta, kuma kowane rani kana samun latas a bakin ƙofa har Yaya ta rasa yadda za ta yi da shi.

Na tuna kuma Tane Ruka, mai askin tumaki, ƙaton da ke cika ƙofa, ranar da ya dawo da tasa yana huci wai ka lalata masa ita, ba ta samun ko gwangwani. Ka ce ya harba ka gani. Ya damƙe ta har jijiyoyin hannunsa suka tashi.

Ka ce, "Kai Tane, ba tunkiya ba ce, ba guduwa za ta yi ba. Sassauta mata. Ɗora ta a tafin hannu kawai, ka bar ta ta motsa."

Ya ce, "Likita, ni ban iya riƙon wasa ba."

Ka ce, "Shi ya sa har yau ba ka yi aure ba."

Ya sassauta, gwangwani ya faɗi, mu ma muka faɗi da dariya. Tane ne ya kama gaban akwatinka ranar Asabar, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ni kuwa Sarkin Gaggawa ka sa mini, kuma ban taɓa musu ba. Tsakanina da kai wasa ne tun ranar da ka auri Yaya. In na shigo shagon ka ce, "Ƙanin mata, hannu a aljihu, kada ka taɓa mini komai." In ce, "Tsoho, bindiga ɗaya ce kake yi wa tiyata tun watan jiya?" Ka ce ai ba ta ce tana sauri ba. Bindigar Baba, tsohuwar 'yar Jamus ɗin nan da ya bar mini, kai kake duba ta kowace shekara biyu. Kai kake yanka mata sabuwar fata, ka jiƙa ta kwana biyu kafin ka sa.

Shekara uku da suka wuce zomaye suka yi mana yawa, suka kuma waye, ba sa barin mutum ya matso. Na zo na ce ka ƙara mata ƙarfi, ina son ta kai yadi sittin. Ka ƙi. Ka ce ba a gina ta don haka ba, babban sifirin zai jijjige ta, saiti ya ɓace, in riƙa karya wa dabbobi ƙafa suna mutuwa a rami. Ka ce in ƙarfi nake so in sayi mai harsashi. Na fita ina ƙunƙuni. Na aika aka kawo mini sifirin mai kauri ta gidan waya, na cusa shi da kaina da taimakon ƙofar gareji, da ƙyar na tsira da haƙorana. Sannan na yi abin da ka hana kowa sau dubu: na tsiyaya mata man inji ta kafar iska, don na ji ana cewa yana ƙara gudu. Harbin farko ta yi ƙara kamar aradu. Man ya kama wuta a ciki saboda matsi, hayaƙi ya fito ta baki. Harbi na uku fatar ta ƙone, sifirin ya karye, ƙotar ta tsage a wuya.

Da na ɓoye ta na yi shiru, da abin ya tsaya a kaina. Amma ranar Asabar da yamma, a zauren da muke gwajin harbi, Garth Pennycook ya tambaye ni ina tsohuwar bindigata, na je mota na ɗauko ta. Mutum goma sha ɗaya ne a wurin, kai ma kana nan kana zuba shayi. A lokacin hannunka ya fara 'yar rawa, kowa ya gani, ba wanda ya taɓa furtawa. Ni na furta. Na ce, "Ku tambayi Likita. Tun gyaransa na ƙarshe ba ta sake zama daidai ba. Hannu na rawa, ido ya tafi, amma an ƙi ajiye aiki."

Ka ajiye buta. Ka zo ka karɓe ta, ka buɗe ta a gaɓa, ka kai hancinka bakin kafar iska, ka shaƙa. Na san abin da ka ji. Ƙaurin ƙonannen mai ba ya ɓuya, kuma da ka miƙa wa Garth ya shaƙa, da magana ta ƙare a nan. Ka dube ni na ɗan lokaci. Ka ce, "To. Kada ka sake ɗana ta." Ka miƙo mini, ka koma kan shayinka.

Magana zarar bunu ce. Garth ya fara aika tasa Dunedin, Doug Haig ya bi shi, wasu ma suka bi. Bangon shagonka mai ƙugiya goma sha biyu, da ba a taɓa ganin ɗaya babu bindiga ba, ya koma biyu, wata rana ɗaya. Na wuce ta bayan gida sau da yawa na hango ka kana wasa wuƙaƙen kicin na Yaya don kada hannu ya zauna. Ba ka daina gaishe ni ba. Kirsimeti uku muka ci gasasshen rago a tebur ɗaya, ka miƙo mini dankali, ka tambaye ni yadda itatuwan aprikot suka yi. Amma ba ka ƙara ce mini Sarkin Gaggawa ba. Bevan kawai kake cewa, kamar ma'aikacin banki, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Kullum sai in ce gobe zan faɗa maka. In an gama girbi. In sanyi ya wuce. Kunya ce, da girman kai, ba wani abu ba.

A watan Mayu, da na ji likitoci sun ce ba sauran abin yi, na zuba bindigar a buhu na kawo maka. Na haddace abin da zan faɗa tun daga mota. Na tarar da kai a shago kusa da murhu, rigar ulu biyu a jikinka, ka rame har agogo na zamewa a hannunka. Ka zazzage buhun a kan tebur, ka ɗaga karyayyen sifirin ka auna shi da ido.

Ka ce, "Wannan ai na tarakta ne."

Na yi dariya, kai ma ka yi, tari ya sarƙe ka. Ƙofa ce ka buɗe mini, Errol, na sani. Na tsaya a bakinta, na tambaye ka ko za ta gyaru. Ka ce in dawo in na gama rage rassa. Na ce to. Na fita ban faɗa ba, ina ganin akwai sauran lokaci.

Kwana biyu bayan jana'iza Yaya ta kira ni. Ta ce akwai bindiga a cikin mamatsin nan da ka haɗa da katako da tsohon jak ɗin mota, tana tsoron jikoki su shiga su taɓa. Na je. Ta Baba ce. Ka ɗinke ƙotar da ƙusar tagulla biyu, sai an sa ido ake ganin tsagar. Ka yanka sabuwar fata. Ka yanke sifirin mai laushi daidai irin wanda take so, ka goge bakinsa har yana ƙyalli, ka matsa shi ciki, saura ka zura ƙusar da ke riƙe bayanta. Tana nan a gefe a kan ƙyalle. Yaya ta ce ranar Juma'a ka matsa shi, numfashi ya gaza, ka ce za ka ƙarasa da safe. Katin gwaji yana nan, ka rubuta sunanka, babu huji ko ɗaya.

A nan na faɗa mata, ina kallon tebur. Na ce, "Yaya, ni na lalata ta. Ni na sa sifirin, ni na zuba mai. Errol bai yi komai ba, kuma ya sani tun a ranar."

Ta ce, "Bai taɓa gaya mini ba."

Na ce na yi zaton ya gaya mata.

Ta ce, "Shekara uku, Bevan. Shekara uku ina lallashinsa, ina ce masa tsufa ba laifi ba ne, ya haƙura ya ajiye aikin tun bai ji wa wani ciwo ba. Ni ma kai na yarda da shi. Ni, matarsa." Ta share ido da bayan hannu. "Sassauta wannan abin ka fita. Kuma ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. A gaban mutane ka faɗa."

Na juya jak ɗin baya a hankali, zagaye bayan zagaye, har sifirin ya miƙe ya huta. Na jera kayan a kan ƙyalle yadda kake yi, na ja ƙofa.

To ga shi na faɗa a gaban mutane. Ku da kuka tsaya a zauren nan, da ku da kuka ji a bakin wani: ƙarya na yi. Hannun Errol Sangster yana rawa in ya ɗauki kofi, amma bai taɓa ɓata bindigar kowa ba, kuma aikinsa na ƙarshe, da ya yi da rabin huhu, yana nan a kan tebur ga mai son gani. Cikin goma sha ɗayan nan, tara za su karanta wannan. Garth ya rasu bara, Doug a watan Maris. Sun tafi suna ganin ka ƙi sanin lokacin da ya kamata ka daina, kuma wannan ba ni da hanyar gyara shi.

Errol, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya rufa maka asiri yadda ka rufa wa wanda bai cancanta ba. Allah ya sa ka huta daga tarin nan, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da alherin kowace gwauruwa da kowane mai lambu da ka tsaya wa. Yaya Noeline, Allah ya ba ki dangana, ya sanyaya miki zuciya a kan rashin da kuma abin da na ƙara miki a kansa. 'Ya'yansa Rhona da Callum, da 'ya'yanku, ubanku mutumin kirki ne fiye da yadda kuka sani. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku gaji halinsa. Ga dangin Sangster na Gore da dukan 'yan ƙungiya, ina miƙa ta'aziyyata, in za ku karɓa daga hannuna.

Ban nemi gafararka ba kana da rai, Errol, yanzu kuwa ba mai amsa mini. In kun tashi yi masa addu'a, ku sa da ni.

Bevan Tulloch, Roxburgh