Inda Hannun Sahabi Ya Tsaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, Allah ya karɓi ran aminina kuma abokin sana'ata, Malam Sahabi mai fenti, a wani asibiti da ke Gusau. Hawan jini ne ya kwantar da shi, bai kuwa jima a kwance ba. Bayan La'asar muka yi masa sutura a Tsafe, mahaifarsa, kusa da kabarin matarsa Hafsatu, wadda ta riga shi tun 'yarsu Mansura tana rarrafe.

Sahabi, ni ne Gambo, wanda kuka raba rumfa ɗaya a bakin kasuwa tun gashinmu yana baƙi. Ni nake rubutun allunan shaguna da na bayan motoci, kai kake haɗa kala, in aikin gida ya samu mu tafi tare. Yau rumfar ta yi mini girma. Bencinka yana nan, da sandar da kake motsa fenti, da ƙullin tsinken tsintsiya da ka soke a jikin langalanga. Mutane suna tsayawa su yi mini gaisuwa, su wuce, ni kuma in ci gaba da zama ina kallon bokitai.

Duk wanda ya san ka a Gusau ya san ka da ruwan hoda. Fenti kowane iri kana yi, amma in ɗakin amarya ne, kai ake nema. Kuma ba ka taɓa yarda mace ta ce maka ruwan hoda kawai ka buɗe gwangwani ba. Sai ka tambaye ta, “Wace hodar, ɗiyata? Gani ya kori ji, kawo abin in gani.” Haka suka riƙa kawo maka gyale, da murfin roba, da zare. Wata daga Wonaka ta fasa gwaiba a gabanka ta nuna maka cikinta. Na yi dariya har da riƙe ciki, kai kuwa ka karɓa da hannu biyu ka fita da ita rana kana juyawa, kamar an ba ka zinariya.

Ƙa'idarka ɗaya ce, na ji ta har na haddace: ja ake kai wa fari, ba a kai wa ja fari. Ka tsoma tsinken tsintsiya a cikin ja, ka ɗiga a bokitin fari, ka motsa, ka jira. Wani lokaci ka ɗan taɓa rawaya don kalar ta yi ɗumi, wani lokaci shuɗi don ta yi sanyi. Sannan ka shafa kaɗan a bango ka je ka yi alwala, domin a cewarka fentin ruwa maƙaryaci ne, abin da yake nunawa a jiƙe daban, in ya bushe daban. Ni mai gaggawa ne, ba na musu. In na karɓi tsinken sai ka ce, “Gambo, sannu, ba manja kake zuba ma miya ba.” In kuwa kala ta kai inda kake so, kalma biyu ce: “Ya isa.” Shekara da shekaru da wannan “ya isa” taka nake aiki, ban san na jingina da ita ba sai yanzu.

Ba zan manta da angon nan na Wanke ba, wanda ya sayi jan fenti da fari ya juye su wuri ɗaya don ya burge amaryarsa. Ɗaki ya fito ja wur kamar mahauta, ga biki ya matso, ga mata masu jere suna hanya. Ya zo rumfarmu idanunsa sun kaɗa. Ni na fara yi masa tsiya, kai kuwa sai ka ɗaura bokitin fari a bayan babur ka ce ya hau. Yini guda ka yi a can, fura kawai ka yarda ka sha. Da ka dawo na tambaye ka dalili, ka ce yarinya za ta buɗe ido kullum a ɗakin nan, nesa da gidansu, bai kamata abin da za ta fara gani ya ɗaga mata hankali ba.

To, Sahabi, ka tafi ka bar ni da ɗaki mafi wuya. An sa auren Mansura da Sabiru bayan Babbar Sallah, dangi kuma sun ce ba za a ɗaga ba, tunda kai ka tsayar da ranar da bakinka. Ɗakin da za ta zauna a Bunguɗu, kai ka hana ango ya kira wani mai fenti. Ka je kai kaɗai, ba ka ko gaya mini ba, ka gama bango biyu, ka kai rabin na uku, abin da ka haɗa ya ƙare. Ka ce wa Sabiru za ka dawo ranar Asabar. Ranar Juma'a ciwon ya kama ka.

Bayan addu'ar bakwai Sabiru ya zo yana sunkuyar da kai, ya ce ko zan ƙarasa. Na ɗauki tsinkenka da sandarka na tafi. Da na buɗe ƙofar sai na tsaya. Ban taɓa ganin ka haɗa irin wannan ruwan hodar ba. Ba mai ihu ba ce, ba kuma koɗaɗɗiya ba, tana da wani ɗumi kamar tafin hannun jariri. Ga kuma layin da rolar fentinka ta tsaya, a karkace, daidai kafaɗata.

Na haɗa, na shafa, na jira ya bushe, ya fito kamar alewa. Na ƙara fari, ya mutu. Na taɓa rawaya, ya koma ruwan ƙasa. Haka na yi ta zarya tsakanin Gusau da Bunguɗu, ni kaɗai a ɗakin da babu ko tabarma, ina magana da bango. Sau da yawa nakan ɗaga tsinke in juya in dubi bayana, ina jiran a ce mini ya isa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, Sahabi. A ɗakin nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ina cikin haka ƙanwarka Hasana ta zo auna wurin gado da labule. Ta shigo da sallama, ta dubi bango, sai ta nemi ƙasa ta zauna. Ta ce, “Malam Gambo, wanga ai mayafin Hafsatu ne. Shi ta yafa ranar sunan Mansura.” Na tambaye ta ko mayafin yana nan in gani, ta ce an yi sadaka da shi tun shekarar rasuwarta. Ashe shi ya sa ba ka ce wa Mansura ta kawo komai ba. Kai da kake cewa gani ya kori ji, a wannan karon daga zuciyarka ka auno. Ni kuwa duk zaman da muka yi, ban taɓa ɗaga kai na kalli matar aminina ba, balle in san launin mayafinta. Kala ce da babu mai ita a duniya sai kai, ka kuwa tafi da ita.

Abin da sana'a ta tanada a irin wannan hali sananne ne: a haɗa sabuwar kala mai yawa, a bi ɗakin gaba ɗaya, a rufe tsohon. In ba haka ba mata masu jere za su ga ɗaki kala biyu, a yi ta ƙananan maganganu a kan amarya marainiya. Amma hannuna ya ƙi. Na je gidanka na tsaya a zaure, aka kira Mansura, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Na faɗa mata komai, har da zancen gwaggonta, na ce zaɓi nata ne. Sai ta ce, “Baba Gambo, kar ka rufe. Ka ƙarasa da taka kalar, ka bar min layin. Nan hannun Baba yat tsaya. Kowa ya tambaya ni zan ba shi amsa.”

Haka na yi. Na ƙarasa da mafi kusa da na iya, tawa ta ɗan fi taka haske, duk mai ido zai gani. Hasana ta ce ba za a jingina kabad a wajen ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mansura, da Hasana, da Sabiru wanda ya rasa suruki tun kafin a ɗaura, da dukkan dangi na Tsafe da Gusau. Allah ya ba ku haƙuri, ni ma ya ba ni. Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Sahabi, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya ɗakunan 'ya'yan mutane. Ka sa albarka a auren da bai tsaya ya gani ba, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen. Sahabi, idan Allah ya sada ka da Hafsatu a Aljanna, ka gaya mata mayafinta ya riga 'yarta shiga ɗakin aure.