Tsuntsun da Aka Liƙe a Tulu

Mu biyu muka tashi da fuka a gidanmu, ni da ƙanena Habu, a wani ƙauye arewa da Mayahi, tun Nasara bai zo ba. Da an fara sussukar gero, ƙaiƙayi ya tashi, sai ƙirjinmu ya kama kuka kamar 'yan kyanwa.

Kakarmu Iya Delu ke jinyarmu. A ganinta, iska ce ke zuwa daga daji ta zauna wa yaro a ƙirji. Da magariba ta wuce sai ta saki asabari, ta toshe kowace kafa da tsumma, ta zuba turaren hano a garwashi. Habu take kwantarwa kusa da wuta, don shi ne ɗan lelenta. Ni mai mutsu-mutsu, ta bar mini bakin ƙofa.

"Kai angona, ajiye sarewar nan taka in yi tatsuniya," haka take ce wa Habu. Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Akwai wadda take yawan yi mana. Wata mata ta tsinci ɗan tsuntsu mai daɗin murya. Don tsoron shaho, ta sa shi a tulu, ta zuba masa gero, ta liƙe bakin da laka. Kullum ta kara kunne ta ji waƙa. Ran nan ta ji shiru.

"Iya, me ya kashe shi?" in ji Habu.

"Butulci, angona. Gero ya ƙi ci."

Shekarar da gero ya yi albarka, ciwon Habu ya ƙi kwanciya. Iya ta ƙara turare, ta ƙara tsumma. Ni ina kwance, hancina ƙarƙashin asabari inda sanyi ke shigowa. Da asuba na ji ɗakin shiru. Habu bai sake tashi ba.

Na girma na bi ayari, fukata na tare da ni. A Kano da Kukawa na ga ana turara masu ita kamar yadda Iya ke yi. A Abzin ta tashi mini cikin bukkar fata, 'yan ayarinmu suka hura wuta za su turara ni. Wata tsohuwar Buzuwa ta kashe wutar, ta jawo ni waje tana faɗa da yarensu: "Wa ke ba mai neman numfashi hayaƙi?" Na zauna kan rairayi ina shaƙar iska ina kuka. A ranar na san abin da ya kashe tsuntsun nan.

Ban taɓa ganin laifin Iya ba. Ta rasu tana cewa lalle akwai kafar da ta manta ba ta toshe ba. Gaskiyarta, akwai. Ta nan na rayu.