Gwangwanayen Baba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Alhaji Sumaila, amma har yau in na ji ana ƙwanƙwasa gwangwani sai na waiga. Da wannan ƙarar komai ya fara. Wata safiya ina dama koko a gidanmu na unguwar Nima, na ji ƙwas, ƙwas daga bayan ɗaki. Na leƙa, ga Baba a tsugune da ƙusa da dutse, yana cire gindin gwangwanin tumatir.

Kiwon raguna ne sana'arsa. Yana da filin aro can bayan unguwar Madina inda yake yanko musu ciyawa. To, ciyawa zalla tana cika ciki, ba ta sa ƙiba, harawa kuma sai an kawo daga Arewa. Shi ne ya ce zai shuka wake cikin ciyawar. Ya shuka yadda ake yi a garinsu: a sara, a jefa iri, a take da ƙafa. Ya manta cewa a can rani ne ke share gona kafin shuka. Ciyawar nan bakin teku ba ta mutuwa. Ko an yanke kanta, saiwarta tana nan da rai.

Damina biyu waken yana tsirowa, ya yi ganye huɗu, ya koɗe, ya kwanta. Baba ya zargi awakin mutane, ya zargi mai sayar da iri. Mai filin kuwa ya gaji da ramuka, ya ce in bana ma haka ne, zai ba wani. Babu fili, babu raguna.

Sai Baba ya haƙo ƙasa guda da tsiron a ciki, ya riƙo ta cikin mota har gida, ya wanke a roban wankin Mma, mahaifiyarmu. Saiwar ciyawa ta kitse kamar soso, ta waken tana tsakiya, siririya kamar zare.

"Rabi, zo ki gani," in ji shi. "Jariri muka zaunar cikin ƙarti, muka ce su ci tuwo kwano ɗaya."

Dabararsa ke nan: ya buga gwangwani marar gindi cikin ƙasa, bakinsa ya datse saiwar ciyawa, ya shuka a ciki. Kafin ya zare shi, saiwar waken ta nutsa ƙasa ta kama.

An yi masa dariya, ba kaɗan ba. Abokinsa Seidu mahauci ya tare shi a ƙofar masallaci: "Alhaji, an ce tumatir kake shukawa har da gwangwaninsa. In ya nuna a ajiye mini kwali ɗaya!" Baba ya yi murmushi kawai. A shekarar harawa ta cika mana soro, mai fili ya fasa ba wani, ragunan layya suka fito kamar maruƙa. Seidu da kansa ya zo yana tambayar Mma ko akwai sauran gwangwani.

Yau filin ya zama gidaje. Nakan ga raguna a lungu suna cin ɓawon rogo, in ce da Baba yana nan me zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa ba. Tsugunawa zai yi ya nemi inda ƙasa ta rage. Bai bar mana gona ba, bai bar mana littafi ba. Haƙurin tona ƙasa a duba kafin a zargi wani, shi ya bari, kuma ina alfahari da shi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A bayan gidana a Maamobi akwai 'yar ciyawa, kowace damina nakan binne gwangwani biyar ko shida. Jiya na gama miya, zan jefa gwangwani a shara, sai 'yata Hindatu, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, ta riƙe mini hannu.

"Mma, kar ki yar. Ɗakin jaririn wake ne."