Kaskon da Na Fasa wa Kaka

Jiya na tsinci kurciya ƙishi ya kashe ta a gindin katangarmu a Milezi, sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Kowace safiya ta bazara takan cika tsohon kasko da ruwa, ta ɗora wa tsuntsaye a kan katangar. Takan ce, "Sarki Yesu ya halicce su, mu kuma ya ba mu tulu. Baƙinsa ne."

Ranar da saurayina zai fara zuwa, na shanya farin mayafina ina mafarkin irin haɗuwar da nake karantawa a littattafai. Tsuntsaye suka ɓata shi da kashi. Na rotsa kaskon a gabanta, ruwan ya fantsama a busassun ƙafafunta.

Na ce, "In Sarki ne, ya shayar da abinsa. Ke ma kin zame mana kaya."

Ta durƙusa, ta zaɓi gutsuren da ya fi zurfi, ta juye masa ruwan shanta.

Kafin damina muka binne ta, ban roƙe ta gafara ba.

Ya Sarki, ka shayar da ita a gidanka. Ranar ƙishina, kada ka ba ni amsar da na ba ta.