Sista Murhu da Ciwon Gado

Kafin likitoci su iso, ta riga ta buɗe ɗakin nan na ƙarshen baranda, ta jera kujeru, ta ajiye ruwan sha. Nan ake kawo yaran da ƙarfinsu ke tsiyayewa: yaro ya fara tafiya, sai ya koma rarrafe, daga rarrafe sai kwanciya. Aikinta shi ne ta gaya wa iyaye abin da gwajin jini ya nuna, da harshen da za su gane.

Sista Murhu ake ce mata, don bayaninta ɗaya ne kullum. Takan ce ko'ina a jikin mutum akwai ƙananan murhuna da ke ƙona abinci da iskar numfashi, su ba da ƙarfi. Akwai ƙwayar halittar da ke ƙera ɗaya daga cikin duwatsun murhun, in ta zo da tangarɗa wuta ba ta ci. Wannan irin kuwa daga uwa kaɗai ake samunsa. Magani babu. Ta tsufa tana faɗin wannan "babu", har yau bakinta bai saba ba.

Wata rana matar wani direba ta kawo ɗanta na biyu, na farkon ya riga ya rasu. Sista ta ce mata ciwon gado ne, ta ja kalmar yadda ake janta in ana maganar abin da iyaye suka bar wa mutum. Ba wanda zai ce gadon kwana take nufi. Amma da matar ta dawo sai ta ce ta fitar da gadon, ta ƙona katifa, yanzu a tabarma suke kwana. Ƙananan ma'aikata suka danne dariya, Allah ya shirye su.

Sista ta tura ƙofa, ta zauna kusa da ita. Ta ce, "Ƙanwata, ba ke kika ƙera shi ba. Ba ki aka yi, kamar yadda aka ba mahaifiyarki."

Matar ta ce, "Na gane tun ranar, Sista. Amma gadon ne kaɗai zan iya fitarwa daga ɗakin."

Yaron ya rasu. Sista ta je gaisuwa, ta zauna a kan tabarmar nan, ba ta ce a mayar da gado ba.

Sista, ga shi za ki ajiye aiki, ba ki warkar da ko ɗaya ba, kuma kin fi kowa sanin haka. Abin yana mini ciwo. Ke ce mai hura wutar da kika san ba za ta ci ba. Ke ce kika tuna mana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Gobe za a kawo wani yaron. Wadda za ta gaji kujerarki ta koyi faɗin gaskiya irin taki, ta kuma koyi yin shiru in uwa ta ƙona katifarta.